Mai Kanti A Majalisa: Riba Ko Amana?

Sa'ad da zaɓe ya yi kusa, mutane su kan dubi attajirin garinsu su ce, "Wanda ya iya tara dukiya, ai ya iya riƙon jama'a." Ko gaskiya ne? Bari mu auna maganar da labarin wani mai kanti.

A shekara ta 1833 Abraham Lincoln yana da kanti a New Salem, wani ƙauye cikin jihar Illinois ta Amurka, shi da abokin cinikinsa William Berry. Da bashi suka sayi kayan. Ciniki bai yi albarka ba, kantin ya mutu. Har aka kama dokin Lincoln da kayansa na awon ƙasa saboda bashi. A 1835 Berry ya rasu, bashi kuwa ya kai wajen dala 1,100. Da Lincoln ya so, da ya gudu, gama ƙasar tana da faɗi. Amma ya zauna, ya ɗauki nauyin duka a kansa, ya yi shekaru yana biya kaɗan kaɗan.

Mutanen wurin sun san kantinsa ya mutu, duk da haka a 1834 suka zaɓe shi ya shiga majalisar dokokin jiha. Suka kuma sāke zaɓensa har sau uku. A 1837, shi da wani wakili, Dan Stone, su biyu kaɗai suka sa hannu a takarda cikin majalisa, cewa bautar da mutane a kan rashin adalci ta ke tsaye.

Wani zai ce, ashe gwanin ciniki ba shi da amfani a majalisa? Yana da shi, gama ya san lissafi da tattali. Amma mai kanti ribar kansa ya ke nema, ɗan majalisa kuwa dukiyar waɗansu a ke danƙa masa. Riba tana nuna wayon mutum, hasara ita ce ke tone halinsa.

Saboda haka, ya mai karatu, in attajiri ya zo neman ƙuri'arka, kada girman gidansa ya ruɗe ka. Ka tambayi masu binsa bashi, da yaran kantinsa, da matan da ya ke auna wa hatsi. Wanda ya tauye mudu a kasuwa ba zai cika shi a majalisa ba.