Kafin Ka Raɗa Mata Kasandira

Ɗana, kai da ke neman na kanka a tashar Mile 2, barka da arziki, Allah ya raya abin da aka samu. Na lura matasanmu na Ikko yanzu a waya suke laluben sunan jariri, burinsu a samo wanda babu mai irinsa a unguwa. Sai mutum ya ci karo da Kasandira, ya ji daɗinsa a baki, ya ce shi ke nan.

Tsaya ka ji ko wace ce. A tatsuniyoyin Girkawa, Kasandira 'yar Firayam ce, sarkin Taroyi, birnin da kufansa ke ƙasar Turkiyya a yau. Afolo, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, ya nemi ta, ya ba ta baiwar hango abin da zai faru. Da ta ƙi shi, sai ya yi mata baki cewa duk abin da ta faɗa gaskiya ne amma ba mai yarda. Ta gargaɗi mutanenta kada su shigo da dokin katakon da abokan gaba suka bari a ƙofar gari, aka ce mahaukaciya ce. Cikin dare mayaƙa suka fito daga cikinsa, aka ƙone birnin. Sarki Agamemnon na abokan gaban ya tafi da ita a matsayin ganima, matarsa ta kashe su duka biyu. Tun shekara ta 458 kafin haihuwar Annabi Isa aka nuna wannan kisan a dandalin wasan kwaikwayo na Atan.

Ita ba ta yi laifin komai ba, tausayi ma take ba ni. Amma wannan ne fatan da kake yi wa 'yarka, ta yi magana a yi kunnen uwar shegu da ita?

Manzon Allah (SAW) ya canza sunan Barra zuwa Zainab, saboda suna ba abin wasa ba ne. Idan kuwa na daban kake so, namu ba su ƙare ba. Akwai Delu, wadda aka haifa bayan maza, akwai Azumi, akwai Gambo mai bin tagwaye. Tsofaffin Zangon Agege har gobe suna amsa irin waɗannan, jikokinsu ne suka yar.

Kana da sauran kwanaki kafin a yanka rago, wanzami ya zo aski. Ka kira Hajiya a gida ka ji nata zaɓin, sannan ka kai wa liman sunan ya faɗa maka asalinsa.