Allura da Kunne: Tsokaci a Kan Haƙuri da Maganin Firgici

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar masu albasa a Anaca, ko ya kwana a garikin shanu a Inugu, ya san akwai wata hira da ba a cika yin ta ba. Ana hirar farashi, ana hirar shingayen hanya da damina a gida, amma da zarar zance ya gangaro kan watan Fabrairu na 2006 sai murya ta yi ƙasa, wani dattijo ya ce Allah ya kyauta, a koma kan farashi. A wancan watan ne, bayan tarzomar Maiduguri, aka yi ramuwar gayya a kan 'yan Arewa mazauna Anaca, aka kashe mutane da dama, dubbai suka fake a barikin soja, wasu suka tsallaka gadar Kwara zuwa Asaba da ƙafa. Makamancin haka ya auku a Oyigbo, kusa da Fatakwal, a watan Oktoba na 2020. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira sun koma rumfunansu, domin nan ne abincinsu. Sai dai akwai wanda ya koma da gangar jiki, barci bai koma masa ba: ƙarar fashewar taya ta ishe shi ya zabura, abinci ya fita ransa, ya daina zama cikin jama'a.

A kan irin wannan mutum muke son yin tambaya, kuma abin da ya tayar da tambayar wani magani ne da ake kira ketamin. Ba baƙo ba ne a asibitocinmu. Wani masanin haɗa magunguna, Calvin Stevens, shi ya haɗa shi a Amurka a 1962, aka amince da shi a matsayin allurar barci a 1970, kuma da yake ba ya danne numfashi kamar sauran, shi ne abin dogaron likitan tiyata a inda babu lantarki babu na'ura. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Yale suka bayyana cewa ɗan kaɗan daga cikinsa, ƙasa da abin da ke sa barci, yana ɗage ciwon damuwa mai tsanani cikin sa'o'i, alhali magungunan da aka saba da su kan ɗauki makonni. Ana ba da shi ta hanyar ƙarin ruwa na kimanin minti 40, bisa awon rabin miligiram ga kowane kilo na nauyin jiki. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani nau'insa da ake fesawa a hanci, mai suna Spravato, ga waɗanda sauran magunguna suka gaza musu. Daga nan wasu likitocin ƙwaƙwalwa suka haɗa shi da jiyya ta hanyar zantawa: a ba majiyyaci maganin, ya ji kamar ya fita daga jikinsa yana kallon abin da ya same shi daga nesa, sannan a zauna da shi ya faɗi abin da ya daɗe bai iya faɗi ba.

To, ya dace mu nemi a ɗauke mana baƙin ciki da allura?

Bahaushe yana da amsa tun kafin a gama tambayar, ita ce haƙuri. Lokacin da Kirk-Greene ya lissafa halayen mutumin kirki a 1974, haƙuri na cikin manyansu, kuma adabinmu, na baka da rubutacce, cike yake da yabon wanda ya shanye. Mun ce haƙuri maganin zaman duniya, mun ce mahaƙurci mawadaci. Ba mu da ja a kan darajarsa; shi ne ya riƙe fatake a baƙuwar ƙasa tun zamanin da ake kora shanu zuwa Kurmi da ƙafa. Amma ya kamata mu duba wa ake ce wa ya yi haƙuri, da kuma abin da mai faɗin yake nufi. Sau da yawa, in muka ce wa wanda ya ga an kashe ƙaninsa ya yi haƙuri, abin da muke nufi shi ne ya yi shiru, domin mu ma ba za mu iya jin labarin ba. Ba a taɓa ce wa mai karaya ya bar ɗori don nuna tawakkali ba. Rashin barci na shekaru, da zabura, da fitar rai daga komai, ciwo ne kamar karaya, illa dai ba ya kumbura a gani. Namijin da ya yi kuka a ce rago ne, macen da ta yi shiru a ce tana da kawaici, kuma duk su biyun ciwo na cin su.

Hujja ta biyu ta fi wannan nauyi, wato ta maye. Ketamin yana gusar da hankali na ɗan lokaci, kuma a ƙasashe da dama ana shan sa don holewa. Yawan shan sa yana lalata mafitsara, yana kuma kama mutum. Ɗan wasan kwaikwayon Amurka Matthew Perry ya mutu a 2023 sakamakonsa. Mu da muka ga abin da kodin ya yi wa 'ya'yanmu har gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, muka kuma ga taramol a aljihun ɗan dako da mai tura baro, muna da dalilin tsoro. Duk da haka, malaman fiƙihu sun daɗe da bambance gusar da hankali don nishaɗi da gusar da shi don larurar magani, shi ya sa ba wanda ke musun allurar barci a ɗakin tiyata. Abin da ya raba biyun shi ne awo, da hannun da ya bayar, da niyyar da aka sha. A ganinmu wanda ciwon damuwa ya kai shi bakin tunanin halaka kansa yana cikin larura ba ƙarama ba.

Inda muke da damuwa ta gaske wani wuri ne daban. Sauƙin da ketamin ke kawowa ba ya daɗewa, kwanaki ne ko mako ɗaya zuwa biyu, sai an maimaita. Game da firgici kuwa sakamakon gwaje-gwaje bai zo ɗaya ba. Wanda aka yi a kan sojojin Amurka a 2022 bai nuna ya fi ruwan gishiri ba. Akwai kuma wani gwaji na Jami'ar Stanford a 2023 da ya kamata ɗaliban adabi su yi tunani a kansa: an ba majiyyata 40 ko dai ketamin ko ruwan gishiri suna cikin barcin tiyata, ta yadda ba wanda ya san abin da aka ba shi, sai ga shi dukkan ɓangarorin biyu sun sami sauƙi kusan daidai, kuma waɗanda suka ɗauka maganin suka samu su ne suka fi murmurewa. Ke nan abin da mutum ya sa rai, da yadda aka kula da shi, suna da babban rabo a cikin warakar. Allurar tana buɗe ƙofa na ɗan lokaci; sauran aikin na wanda ke zaune a gefen gado ne.

Wa zai zauna a gefen gadon Bahaushen Anaca? Mutumin da ke cikin magagin wannan magani ba shi da garkuwa, kuma harshen da ya sha a nono shi zai fara fitowa daga bakinsa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Inugu, akwai na jiha a Rumuigbo a Fatakwal, amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne ga mutane sama da miliyan 200, masu jin Hausa a Gabas kuwa sun fi haka ƙaranci. In aka sa tafinta, mai yiwuwa maƙwabcin rumfa ne, wanda gobe za a haɗu da shi a masallaci. Bugu da ƙari, likitan da zai saurara yana iya zama jikan wanda ya tsero daga Sabon Garin Kano a 1966, lokacin da aka kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa, ya taso a gidan da su ma suke da hirar da ba a yin ta. Dole mu faɗi wannan, domin tsoron da ke cikin ɗakin ba na mutum ɗaya ba ne. Garin nan na Inugu dai shi ne ya yi Malam Umaru Altine, Bafillacen Sakkwato, magajin garinsa na farko a shekarun 1950, saboda haka amana tsakanin ɓangarorin biyu abu ne da ya taɓa yiwuwa.

Har ila yau, ba kowane tsoro ne ciwo ba. Ɗan tiredar da ya ga shekarun da aka riƙa tilasta zaman gida ranar Litinin daga 2021, ya kuma koyi sauraron jita-jita kafin ya buɗe shago, hankali yake yi. In muka yi masa allura don ya daina jin tsoron abin da ke nan da gaske, mun cuce shi, mun kuma sauke wa hukuma nauyin tsaronsa.

Tun a 1954 Dakta Adeoye Lambo ya gane wani abu a Aro, kusa da Abekuta: ya zaunar da majiyyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba majiyyaci haƙƙin a nemi yardarsa a kuma rufa masa asiri. Ketamin yana da arha, kuma yana cikin ma'ajiyar asibitocinmu tuni, don haka wata rana wani zai fara ba da shi don damuwa a Fatakwal ko Inugu, da mai sauraro ko babu. A kowane ɗayan garuruwan nan akwai Sarkin Hausawa da limamai da malaman Islamiyya, akwai kuma 'ya'yan da aka haifa a can masu jin Hausa da Ibo, wasunsu suna zaune a ajinmu. Daga cikinsu ne za a iya horar da masu zama a gefen gadon, kuma horon yana ɗaukar shekaru.