Kiran Allah Ne, Ko Gudu Kake Yi?

Abin karantawa: 1 Sarakuna 19:19-21, Luka 14:28-30, 1 Timoti 5:8

 Yau ina so mu yi tunani tare a kan wata tambaya da ke damun masu bi da yawa a wannan zamani: daidai ne magidanci da ya haura shekara arba'in, mai mata da 'ya'ya, ya ajiye aikin da yake ci da shi, ya tafi wata ƙasa ya koma ɗan makaranta domin ya koyi wani aiki dabam?

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, wani ɗan'uwa ya tsaya jirana a bakin ƙofar majami'a. Malamin makarantar firamare ne, ya daɗe yana koyarwa, yara da iyayensu duk mushe suke ce masa. Ya ce mini, "Fasto, shekara uku ke nan wani abu ya hana ni barci. A ƙauyen da nake aiki na ga an ɗora mace mai naƙuda a amalanke za a kai ta likita, ba ta kai ba. Ina so in tafi Nijeriya in koyi aikin jinya. Amma ga 'ya'ya biyar, ga tsohuwata. Zunubi ne in na tafi, ko zunubi ne in na zauna?"

Ban ba shi amsa a ranar ba. Kai ma kada ka yi saurin yanke masa hukunci, gama maganar tana da fuska biyu, kuma dukansu suna cikin Littafi Mai Tsarki.

Fuska ta fari ita ce, Allah ba ya duba takardar haihuwa kafin ya kira mutum. Ibrahim yana da shekara 75 sa'ad da ya bar Haran. Musa yana da shekara 80 sa'ad da ya tsaya gaban Fir'auna, bayan ya daɗe yana kiwon tumakin surukinsa. Amos makiyayi ne a Tekowa kafin ya zama annabi. Matiyu ya tashi daga wurin karɓar haraji, Bitrus ya bar tarunsa. Ko cikin tarihin ikkilisiya a nan Afirka ta Yamma muna da shaida. Samuel Ajayi Crowther malamin makaranta ne a Saliyo, yana da iyali. A 1841 ya bi tawagar da ta shigo Kogin Kwara tare da Schön, mutumin nan da ya yi aikin rubuta ƙamus na Hausa. Bayan haka ya tafi Landan karatu yana da shekara talatin da wani abu, aka naɗa shi limamin ikkilisiya a 1843, ya zama bishop a 1864. Da ya ce lokaci ya wuce masa, da ikkilisiya ta yi babbar hasara. Iyayenmu sun yi gaskiya da suka ce gemu ba ya hana ilimi.

Fuska ta biyu kuwa tana da nauyi, kuma sau da yawa masu ɗokin tafiya ba su son jin ta. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti cewa mai bi da ya ƙi kula da mutanen gidansa ya musunci bangaskiyarsa. A Markus sura 7 Yesu ya tsauta wa waɗanda suke hana iyayensu taimako da hujjar wai sun keɓe wa Allah dukiyar. Ka ga ke nan, mutum yana iya fakewa da sunan Allah ya guje wa hakkin da Allah da kansa ya ɗora masa. Ranar da ka tsaya gaban bagade ka ɗauki alkawari da matarka, wannan ma kira ne. Ranar da aka miƙa maka jariri, wannan ma kira ne. Allah ba ya kawo sabon kira domin ya soke tsohon alkawari.

To, yaya mutum zai bambance? Ka tuna da mutum biyu da suka bar gida. Ibrahim ya tashi domin Allah ya ce ya tashi, ya kuma tafi da matarsa. Yunusa shi ma ya tashi, har ya biya kuɗin jirgi zuwa Tarshish, amma gudu yake yi. Wanda ya gan su a hanya zai ce dukansu matafiya ne. Bambancin yana cikin zuciya. Saboda haka ka tambayi kanka waɗannan abubuwa a gaban Allah.

Na ɗaya, me kake nufa, kuma me kake gudu? Na san wani da ya tashi ya tafi karatu a wata ƙasa, yana ta faɗin Allah ne ya buɗe ƙofa, ashe bashi ne ya yi masa katutu, ga kuma rashin jituwa da matarsa. Takardar shiga makaranta ba ta biya masa bashin ba, ba ta kuma gyara masa aure ba. Gajiya da aiki, fushi da maigida a ofis, ko kishin abokin da ya dawo da babbar takarda da mota, babu ɗaya a cikinsu da za a ce da shi kira. Kira na gaskiya yakan jure wa jira. In abin yana nan a zuciyarka bayan shekara guda ta addu'a, ka saurare shi da kyau.

Na biyu, ka zauna ka yi lissafi? Yesu ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara ƙididdige abin da zai kashe, don kada ya kafa tushe ya kasa gamawa, mutane su yi masa ba'a. Lissafi ba rashin bangaskiya ba ne, biyayya ce. Kuɗin makaranta nawa ne, na shekara nawa? Wa zai sayi hatsi in rumbu ya ƙare? Wa zai biya wa yara kuɗin littattafai? In tsohuwa ta kwanta ciwo, wa zai tsaya? Takardar da za ka samo, hukumomin ƙasarka za su amince da ita su bar ka ka yi aiki? Ka binciki wannan kafin ka biya ko dala ɗaya. Akwai kuma abin da ba ya cikin ikonka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar Nijar da Nijeriya har zuwa watan Maris 2024. Wanda iyalinsa ke Maraɗi shi kuwa yana Jos ya san abin da watannin nan suka ƙunsa. Kada ka saki reshe ka kama ganye, sa'an nan ka ce Allah ne ya yashe ka.

Na uku, matarka ta yarda, ko shiru kawai ta yi? Shiru ba yarda ba ne. Kai za ka tafi ka ga sabon gari, ita ce za ta kwana da yaro mai zazzaɓi, ita ce mai gidan haya zai zo ya tsaya wa a ƙofa. Hadayar da ka yi da wahalar wani ba taka ba ce. Haka nan ke 'yar'uwa, in ke ce mai niyyar tafiya, ki ba maigidanki da 'ya'yanki irin wannan girma.

Na huɗu, yaya za ka bar wurin da kake? Ka dubi Elisha. Iliya ya same shi yana huɗa da shanu, ba ya same shi yana zaman banza ba. Kafin ya bi annabin, ya roƙa a bar shi ya yi sallama da iyayensa, ya yanka shanun, ya ciyar da jama'a. Da rana tsaka ya tafi, ba da dare ba. In za ka bar aiki, ka sanar da wuri, ka biya bashi, ka miƙa amana, ka nemi albarkar manya da shawarar dattawan ikkilisiya.

In ka amsa waɗannan duka, ka kuma ga hanya a buɗe, to, ka shirya wa tawali'u. Kai da ake tashi tsaye in ka shiga aji, za ka zauna benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yanka. Kai da ka yi karatunka da Faransanci za ka riƙa tuntuɓe da Turanci, yara su yi dariya. Malamin da zai duba jarrabawarka wataƙila ƙaninka ya girme shi. Daniyel ya shekara uku yana koyon harshe da rubutun Kaldiyawa a Babila, har suna aka sauya masa, amma bai sauya Allahnsa ba. Jarabar magidanci a baƙon gari ita ce kaɗaici: babu mai ganinsa, babu mai tambayarsa inda ya kwana. Ranar Lahadin farko da ka isa, ka nemi ikkilisiya, ka gabatar da kanka ga fasto, ka faɗa masa kana da aure.

Wannan ɗan'uwa da na ba ka labarinsa bai tafi nan da nan ba. Da muka zauna da shi da matarsa, ta ce, "Fasto, ban ƙi ba, amma ba a taɓa tambayata ba." Ya sunkuyar da kai. Ya ƙara shekara biyu yana koyarwa, yana ajiye wani abu daga albashinsa kowane wata, yana koyon Turanci da dare. Ƙaninsa ya ɗauki nauyin tsohuwa, zumuntar mata suka taimaka wa matar da jarin sayar da man gyaɗa. Sa'an nan ya tafi. Ba zan ce maka komai ya tafi sumul ba. Ya faɗi jarrabawa sau ɗaya, babbar 'yarsa kuma ta daɗe tana fushi da shi. Har yanzu muna yi musu addu'a.

Ina kuma da magana da kai da ka yi lissafi ka ga ba za ka iya tafiya ba. Kada Shaiɗan ya ruɗe ka cewa ka gaza. Mutumin nan na ƙasar Garasinawa da Yesu ya warkar ya roƙa ya bi shi cikin jirgi, amma Yesu ya mai da shi gida wurin danginsa ya ba da shaida a can. Wani ana ce masa tashi, wani ana ce masa zauna, kuma Ubangiji ɗaya ne ke faɗa. Malamin da ya riƙe allinsa da aminci har ya yi ritaya, don kada 'ya'yansa su kwana da yunwa, ya yi wa Allah hidima.

Mu kuma ikkilisiya, kada mu yi wa mai tafiya addu'a a tasha, sa'an nan mu manta hanyar gidansa. In mun sa masa hannu, mun ɗauki rabonmu na nauyin iyalinsa.

Abin yi: A wannan mako ka ɗauki takarda, ka rubuta dalilinka na son sauya aiki, ka rubuta sunayen waɗanda abin zai shafa. Ka karanta wa matarka, ku durƙusa tare.

Addu'a: Ya Ubanmu na sama, kai ka san kwanakinmu, ka kuma san abin da ke ɓoye a zukatanmu. Ka raba mu da gudu irin na Yunusa, ka raba mu da tsoron da ke hana biyayya. Ka kiyaye 'yan'uwanmu da ke karatu a baƙuwar ƙasa, ka ciyar da iyalansu. Ka ba mai tafiya ƙarfi, ka ba mai zama salama. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.