Ruwa a cikin mai: iyakar shaidar ido

Man haidirolik shi ne ke ɗaga bayan tifa idan za a juye yashi, shi ke ɗaga garmar tarakta, shi ke motsa hannun katafila. A manyan injunan da ake maƙalawa a bayan jirgin ruwa kuwa, shi ke ɗaga injin ya kuma sauke shi, ta wani ɗan famfo da silinda masu zama dab da ruwa. Duk wannan aiki ya rataya ne a kan hali guda: mai ba ya matsuwa, don haka ƙarfin da famfo ya tura ta nan yana isa can bai ragu ba. Birnin Ƙonni ba garin jiragen ruwa ba ne, amma manyan motocin da ke jigilar siminti daga Malbaza, da taraktocin fadamun da madatsun Mozage da Zongo ke shayarwa, da injunan gyaran hanyar Yamai zuwa Maraɗi, dukansu da irin wannan mai suke aiki, ciwonsu kuma iri ɗaya ne.

Bakanike yana gane gurɓataccen mai da alamomi sanannu. Idan ruwa ya shiga, man yakan rikiɗe ya yi fari-fari kamar an dama fura. Idan iska ce, sai ya yi kumfa, famfon ya riƙa kuka. Wanda zafi ya ƙona yakan yi baƙi ya ɗauki ƙauri, wanda kuma ƙarfe ya cinye a cikinsa yakan yi ƙyalli idan an ɗiga shi a farin tsumma aka duba a rana. A injin jirgi, ruwa yana bi ta robar da ta tsufa a bakin silinda. A ƙasar Ƙonni da Illela ya fi shiga ta gangar da aka bari a waje da damina: rana ta dumama ta, dare ya sanyaya ta, sai ta zuƙe ruwan da ya kwanta a murfinta. Da hunturu ƙura ce ke shiga ta mazurari da jarkar da ba a rufe ba.

Wanda ya yi karatun zaure zai ji waɗannan alamomi ba baƙi ba ne. Ahalari da Ishmawi da Risalar Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a Ƙairawan a shekarar 996, suna auna ruwan tsarki da abu uku: launi, ɗanɗano, wari. Abin lura shi ne yadda malaman Malikiyya suka rarrabe hukuncin. Ruwan da najasa ta jirkita ba a ibada da shi, ba a sha. Wanda abu mai tsarki ya jirkita, kamar nono ko mai, yana nan da tsarkinsa, amma ba ya yin alwala. Wanda kuwa mazauninsa ya jirkita, kamar laka ko gansakuka, babu laifi. Ke nan mai yana ɓata ruwa ga mai alwala, ruwa yana ɓata mai ga mai inji, alhali babu najasa a ɗayansu. Abu yakan lalace ne idan ya kasa aikin da aka nufe shi da shi, ko da kowane sashe nasa halal ne.

Tambayar da ke da wuya tana zuwa daga baya: idan alama ba ta bayyana ba, an wanke abin ke nan? A babin ruwa, mashhurin mazhaba ya ce muddin bai jirkita ba yana nan a kan asalinsa, kuma shakka kawai ba ta fitar da shi daga tsarki. Wannan rahama ce, domin da an ɗora wa matafiyi binciken abin da ido ba ya gani, da salla ta yi nauyi. Sai dai inji bai san wannan rangwame ba. Idon mutum ba ya ganin abin da ya gaza kimanin mikiron 40, ƙurar da ke cin famfo kuwa sau da yawa ta fi haka ƙanƙanta. Ruwa kaɗan ma yana ɓuya cikin mai bai canja masa launi ba, yana ta cin ƙarfe da tsatsa. Shi ya sa ƙwararru ke ɗiga man a faranti mai zafi: idan ya yi tartsatsi, akwai ruwa.

Malaman da kansu ba su yi wa mai hukuncin ruwa ba, kuma a nan zurfin nazarinsu yake. Risala ta bayyana cewa idan ɓera ya mutu a man shanu daskararre, a kwashe shi da abin da ke kewaye da shi, saura a yi amfani da shi. Idan narkakke ne, ba a cin komai daga cikinsa, ko da bai jirkita ba, sai dai a kunna fitila da shi a wajen masallaci. Dalili shi ne abu mai gudana yana yaɗa abin da ya faɗa masa ko'ina. Ba hukuncin najasa ake ɗora wa man inji ba, amma hankalin da ke ƙarƙashin hukuncin shi ne na bakanike nagari. Ba ya ƙara sabo a kan tsoho. Yana tsiyaye man gaba ɗaya, ya wanke tanki da bututu, ya canja matata, sannan ya nemo ƙofar da ruwan ya bi, domin in ba a canja robar ba, sabon man ma haka zai koma.

Daga nan magana ta bar tsarki ta shiga haƙƙin mutane, inda sauƙin da aka yi wa mai ibada ba ya zama mafaka. Hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa ya ji damshi a ƙasa, ya kuma kore algus daga halin al'ummarsa. Saman tsibin bushe yake, ido bai ga komai ba, amma mai hatsin ya sani. Haka mai sayar da mai a kwalba ko jarka, a garin kan iyaka inda kaya ke sauya hannu sau da yawa kafin su isa gareji: idan ya san gangarsa ta kwana cikin ruwan sama, kyan launin man ba ya sauke masa wajibcin faɗa. Mai saye yana da damar mayar da kaya idan aibin da aka ɓoye ya bayyana.

Bakanike nauyinsa ya fi haka. Malikiyya suna ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka bar masa ya yi aiki a kansu, kuma gwargwadon saninsa gwargwadon abin da ake binsa. Mai tarakta da bai taɓa jin gwajin faranti ba yana da uzuri idan ya amince da launi. Wanda ya san gwajin, ya ga bayan tifa yana sauka da kansa a hankali, sannan ya leƙa tanki ya ce man lafiya lau, ya yi shaida ne da abin da ya san bai isa shaida ba. Idan famfo ya mutu ana tsakiyar huɗa, ko tifa ta sauko a kan yaron mota da ke ƙarƙashinta, ba a ce masa ya san gaibu ba. Ana tambayarsa ne abin da yake da halin bincikawa ya bari.