Mota Ba Direba: Wa Zai Ɗauki Alhakin Mai Sitiyari?

Masu iya magana kan ce, zamani riga ne, kowa da irin wadda ya tarar. Rigar namu zamanin kuwa ta zo da wani abin al'ajabi, wato babbar mota mai ɗauke da lodi tana sheƙa gudu bisa kwalta alhali babu kowa a kujerar direba. Manufar wannan maƙala ita ce mu yi nazarin wata tambaya da ta shafi adalci: idan na'ura ta karɓe sitiyari daga hannun ɗan Adam, mene ne haƙƙin wanda aka karɓe wa, kuma a wuyan wa haƙƙin ya rataya?

Kafin mu yi nisa, ya kyautu mu fayyace inda aka kwana. Tun a shekarar 2008 kamfanin haƙar ma'adinai na Rio Tinto ya fara gwada manyan motocin kwasar ƙasa marasa direba a yankin Pilbara na ƙasar Ostareliya, daga baya kuma aka riƙa lura da su daga birnin Perth, tazarar kilomita kusan 1,500. A watan Oktoba na 2016 wata tirelar kamfanin Otto ta yi tafiyar mil 120 a jihar Kolarado ta Amurka, direbanta yana zaune a baya. A shekarar 2025 kuma kamfanin Aurora ya soma jigilar kayan 'yan kasuwa tsakanin biranen Dallas da Houston ba tare da direba ba. Idanun irin wannan mota su ne kyamarori da rada da hasken leza, kwamfuta ce kuma ke yanke shawarar taka birki ko murza sitiyari. Duk da haka hanyar ba ta miƙe ba tukuna, domin kamfanin Embark ya durƙushe a 2023, shi ma Aurora bayan 'yan makonni ya mayar da mutum kujerar gaba a matsayin mai sa ido. Sai dai mai hankali ba ya jiran ruwa ya sauko kafin ya gyara rufin ɗakinsa. A Amurka kaɗai, direbobin manyan motoci sun kai wajen miliyan 2.

Adalci ne mu saurari hujjar masu goyon bayan wannan fasaha, don kuwa ba ta banza ba ce. A shekarar 2021, haka ma a 2022, fiye da mutum 5,000 ne suka rasa rayukansu a haɗurran da suka shafi manyan motoci a Amurka. Na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta shaye-shaye, ba ta gaggawar komawa ga iyali. Dokar ƙasar ta hana direba wuce awa 11 yana tuƙi sai ya huta, ita kuwa na'ura ba ruwanta da gajiya. Idan har ta tabbata cewa za ta rage zubar da jini, to, wanda ya ce a hana ta don kare aikin wasu sai ya shirya amsar da zai bai wa marayun da haɗari ya bari. A ganinmu rai ya fi sana'a, kuma wannan batu ba ya buƙatar dogon musu.

To amma a nan ne gizo ke saƙar. Ribar da na'ura za ta kawo takan watsu ne ga jama'a kaɗan-kaɗan ta hanyar sauƙin farashi, kaso mafi tsoka kuma ya tafi ga masu jari. Hasarar kuwa a kan mutum ɗaya take faɗawa gaba ɗaya, wato magidancin da ya shafe shekara 30 yana tuƙi, bai san wata sana'a ba. Sau da yawa akan ce sababbin ayyuka za su ɓullo, kuma tarihi ya gaskata hakan a dunƙule. Amma wanda zai sami sabon aikin ba lallai ne ya zama wanda ya rasa tsohon ba. Ce wa ɗan shekara 55 ya je ya koyi sarrafa kwamfuta abu ne mai sauƙi a baki. Bugu da ƙari, direba ba shi kaɗai yake ci daga motarsa ba. Akwai mai abinci a bakin hanya, da mai masauki, da garuruwan da suka rayu saboda matafiya suna yada zango a cikinsu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. Lokacin da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, fatake da madugai masu jan ayarin jakuna zuwa Gwanja neman goro sun ga sana'arsu tana dusashewa sannu a hankali. Wasu sun bi layin dogo suka kafa zango a Ibadan da Legas, suka bunƙasa, wasu kuwa ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Daga baya tirela ta karɓe kaso mai yawa na aikin jirgin, har ta ciyar da direba da yaron mota da mai faci da 'yan dako. Ramukan hanyoyinmu da arhar ƙwadago na iya jinkirta zuwan wannan na'ura gare mu, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma wani bashi da ba a cika ambatonsa ba. Na'urar nan ba daga sama ta sami basirarta ba. An horar da ita ne da bayanan tafiye-tafiyen da mutane suka yi, ƙwararrun direbobi ne kuma suka zauna a cikinta tsawon shekaru suna gyara mata kurakurai. Hanyar da take bi da kuɗin harajin jama'a aka shimfiɗa ta. Ashe ke nan direba yana cikin waɗanda suka raini abin da zai gaje shi. Almajirin da ya ƙware ya kori malaminsa ba ko sallama, kowa ya san sunan da ake kiran irinsa. Saboda haka abin da za a bai wa direba ba sadaka ba ce, biyan bashi ne.

Yaya za a biya? Hanyoyi biyu ne a gabanmu. Ta farko ita ce tare ƙofa. A 2023 majalisar jihar Kalifoniya, da goyon bayan ƙungiyar direbobi ta Teamsters, ta zartar da ƙudurin tilasta zaman mutum a cikin kowace babbar mota mai tuƙa kanta, amma Gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu. Irin wannan mataki yana sayen lokaci ne kawai. Ta biyu ita ce rabon riba. A 1960, yayin da injuna da kwantena suka fara barazana ga 'yan dakon tashoshin jiragen ruwa na yammacin Amurka, ƙungiyarsu a ƙarƙashin Harry Bridges ta ƙulla yarjejeniya da masu jiragen: a shigo da injuna, amma a zuba kuɗi cikin wani asusu domin tabbatar da albashi da fansho ga masu son yin ritaya da wuri. Yarjejeniyar ba ta rufa wa kowa asiri ba, musamman ma'aikatan wucin gadi, amma ta nuna cewa ci gaba da tausayi na iya zama inuwa ɗaya.

A ƙarshe, ra'ayinmu shi ne na'ura ba ta da laifi kuma ba ta da lada, tun da ba ta da zaɓi. Masu zaɓi su ne mai jari da hukuma da mu masu sayen kayan da aka ɗauko. Wajibi ne a sanar da direba tun da wuri, a sa shi cikin shawara, a ware masa rabo daga ribar da tafiyarsa ta haifar. Wannan nauyi ya hau kanmu musamman mu 'yan jami'a, domin daga cikinmu ne masu ƙera irin waɗannan na'urori da masu tsara dokokinsu za su fito. Al'ummar da ta iya koya wa ƙarfe tuƙi ba ta da uzurin cewa ta kasa gano yadda za ta mutunta wanda ya sauka daga mota.