Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ɗana, na ji labari ka ci jarrabawar bak ta gama sakandare, kuma hankalinka ya karkata ga karatu a ƙasar waje. Allah ya sanya alheri. Ba zan ce maka kada ka je ba, don mu mutanen Zango jinin tafiya ne. Kakanninmu fatake ne, da ƙafa suka bi hanyoyin goro da shanu har suka sauka bakin teku a nan Lome, kuma ko Zangon da ka tashi a ciki, a 1977 aka tashe shi daga tsakiyar gari aka dawo da mu Agoè. Sai dai bafatake ba ya ɗaura kaya sai ya san nauyin guzurinsa, ya san hanyar, ya kuma san maigidan da zai sauke shi. Wannan shirin nake so mu zauna mu yi magana a kansa.

Fara da takardunka, ka baje su a tabarma ka karanta sunanka harafi bayan harafi. Mun daɗe da wannan ciwo a unguwarmu: takardar haihuwa ta ce Ousmane, ta makaranta ta ce Ousman, ta shaidar zama ɗan ƙasa ta zo da wani abu dabam, wani lokaci har ranar haihuwar ba ta jitu ba, saboda ranar da aka rubuta ka, wani kawunka ne ya je ya faɗa da baki, magatakarda kuma ya rubuta yadda kunnensa ya ji. A gida duk mun san kai ne, amma ma'aikacin ofishin jakadanci bai san kowa ba sai takarda. Na ga yaron da ya samu gurbin karatu, gidansu har an yi walima, ya rasa shekara guda cur saboda harafi ɗaya. Gyaran irin wannan yana cin watanni, fasfo ma haka, alhali masu nufin Faransa tun wajen Oktoba ake buɗe musu rajistar neman gurbin karatu ta Campus France don shekarar karatu mai zuwa. Saboda haka yau ne lokacin, tun ba a fara gudun ƙurewa ba.

Sai batun kuɗi, kuma a nan nake roƙonka ka ji tsoron Allah ka tausaya wa mahaifanka. Shekara da shekaru Faransa ta nemi ɗalibi ya nuna yana da Yuro 615 na kowane wata, wato sama da jika 400 na sefa, kusan miliyan 5 ke nan a shekara, ban da kuɗin jirgi da na makaranta, wanda a 2019 aka ɗaga wa baƙi zuwa Yuro 2,770 a digirin farko, ko da yake wasu jami'o'in suna yafe ƙarin. Na san za a raɗa maka cewa in ka isa sai ka kama aiki. Gaskiya ne doka ta yarda, amma awa 964 kawai a shekara, kuma wanda ya kwana yana wanke kwanuka a gidan abinci, da wane ido zai kalli allo da safe? Ka zauna da mahaifinka ku yi lissafin shekara uku, ba na watan farko ba. In sai an sayar da fili ko an karya jarin mahaifiyarka na kasuwa kafin ka tashi, to ka dakata, ka nemi tallafin karatu tukuna. Maroko na bayarwa, Turkiyya na bayarwa, masu Larabci kuma ga Azhar da Madina, ga Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, tafiyar mota. Kuma ba abin kunya ba ne ka yi digirin farko a Jami'ar Lome, ka fita a na biyu da ƙarfinka da hankalinka.

Ka kiyayi dillalan biza masu zaƙin baki, waɗanda ke cewa kawo kaza, komai a hannunsu yake. Ka tambayi sunan makarantar, ka bincika ko hukumar ƙasarta ta san da ita. Ka tuna a farkon 2024 Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya sayi digiri a Kwatano cikin makonni shida, abin ya shafa wa masu gaskiya kashin kaji. Araha ba ta ado, ɗana.

Game da masauki kuwa, kafin ka hau jirgi ka samu mutumin kirki a garin da za ka, wanda wani dattijonmu ya san shi, ka riƙe lambarsa da ta ofishin jakadancinmu a rubuce, ba a waya kaɗai ba. Ɗaliban da yaƙi ya rutsa da su a Yukren a 2022 da Sudan a 2023 sun san amfanin haka. Ko babu yaƙi akwai kaɗaici, ranar da za ka yi azumi cikin sanyi ba ka ji kiran salla ba, ba mai turo maka koko da ƙosai, ba wanda zai tambaye ka ko ka yi Asuba. A nan idon unguwa ke tsare ka, can kuwa sai abin da ka tafi da shi a zuciyarka. Na yarda da tarbiyyarka, ina dai so ka san ranar tana tafe don kada ta same ka ba shiri. Ka koyi dafa shinkafa da wake a wurin mahaifiyarka tun yanzu, kada ka ce aikin mata ne, yunwar can ba ta san namiji ba.

In ka tattara takardun, ka kawo mini su bayan La'asar mu duba tare, ka zo da mahaifinka.