Gyaran Tsohon Ƙaho: Ƙyalli Ko Murya?

Idan abu ya tsufa ya lalace, aka kai shi wurin gyara, da me za mu gane an gyara shi da gaske? Tambayan nan ta shafi keke da ɗaki da riga, ta shafi mutum kuma. Bari mu auna ta a kan abu guda, watau babban ƙahon nan na tagulla da a kan gani a sahun baya na 'yan badujala, wanda ya fi kowane ƙaho zurfin murya. Sunansa tuba. Kada mai karatu ya rikice, ba tuban barin zunubi a ke nufi ba. Kalmar Latin ce, ma'anarta ƙaho, sunayen ne kawai suka zo ɗaya.

A birnin Balin na ƙasar Jamus aka ƙago shi. Wilhelm Wieprecht, shugaban makaɗan soja, da Johann Gottfried Moritz, maƙerin ƙahoni, su ne suka karɓi takardar shaidar ƙirarsa a shekara ta 1835. Babban tuba bututu ne mai tsawon ƙafa 18. Ya fi kakakin sarki tsawo, sai dai an naɗe shi kamar gammo domin mutum ya iya rungumarsa. Yana da maɓallai uku ko huɗu, wani ma har biyar. In an danna ɗaya, iska ta kan ratsa ta wani ƙarin bututu, hanyarta ta yi nisa, murya ta ƙara zurfi.

Cuta uku su ke kama tsohon ƙaho. Ta fari lotsawa, gama kaurin jikinsa bai kai milimita ɗaya ba, ko ƙofa ya buga sai ya loɓa. Ta biyu yoyon iska, sa'ad da fistin da ke cikin maɓalli ya cinye saboda yawan hawa da sauka. Ta uku ita ce mafi muni. Tagullar ƙaho gami ce, jan ƙarfe wajen kashi 70, tutiya wajen kashi 30. Danshin numfashi da miyau su kan cinye tutiyar sannu sannu, su bar jan ƙarfe mai ramuka kamar soso. Daga ciki ta ke farawa. Kafin jan ɗigo ya bayyana a waje, ɓarna ta riga ta yi nisa.

Mai gyara ya kan narkar da dalmar da ta haɗa gaɓoɓin, ya raba ƙahon gaɓa gaɓa, ya wanke cikinsa. Sa'an nan ya tura ƙwallayen ƙarfe cikin bututun, daga ƙarami zuwa babba, yana bubbugawa a waje da 'yar guduma har lotsawar ta tashi. Amma tagulla tana da hali: in ta sha duka sai ta taurare, in aka ci gaba da dukanta sai ta tsage. Saboda haka dole a gasa ta a wuta ta yi laushi tukuna. Maƙeran fari na Kano da na Bida sun san wannan sarai. Fistin da ya cinye kuwa, a kan yi masa sabon rufi na ƙarfe, a goge shi a hankali har ya zauna daidai cikin gidansa. Inda jan ɗigo ya ci, babu magani sai faci ko sabuwar gaɓa.

To, ga inda tambayarmu ta taso. Bayan an ta da lotsawa, tabo ya kan ragu. Mai ƙaho kuwa yana so ya ga kayansa na walƙiya kamar ran da ya fito daga maƙera. Hanyar ɓad da tabo ita ce a kankare wurin, a goge da injin gugar ƙarfe. Amma kowace guga tana cin tagulla, abin da ta ci kuma ba ya komowa. Jikin ƙaho ya ƙara sirancewa, zanen sunan maƙerinsa ya shafe, wurin da aka fi gogewa ya zama shi ne zai fara hujewa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

A ce masu gyara biyu ne. Na fari ya toshe yoyon iska, ya sa faci inda ya huje, ya bar tabo kaɗan. Ƙahon ya fito da alamun tsufa, amma muryarsa ta cika fili. Na biyu ya goge shi ƙal, ya shafa masa mai, ya rufe jan ɗigon, bai taɓa fistin ba. A kasuwa na biyun ne zai fara samun mai saye. Ranar busa kuwa, mai shi zai hura har jijiyar wuya ta tashi, murya ba ta fito ba. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. In kuma ya san cutar ya ɓoye ta, ya wuce rashin gwaninta, ya shiga ha'inci.

Wani zai ce, ashe ƙyalli laifi ne? Ko kaɗan. Wanke ƙaho da share shi wajibi ne, yana ma tsawaita ransa. Abin lura shi ne, don murya aka ƙera ƙaho. Duk gyaran da ya komo da murya ya yi aikinsa, ko da tabo. Wanda ya sayar da murya domin ya sayi ƙyalli ya yi hasara.

Wani kuma zai ce, me ya sa ba za a yar da tsohon a sayi sabo ba? Akwai ƙahon da ya wuce gyara, mai gyara na kirki kuma zai faɗi gaskiya ko da zai rasa ladan aiki. Amma tsufa kaɗai ba dalilin yarwa ba ne. Kamfanin York na garin Grand Rapids a Amurka ya ƙera waɗansu manyan tuba guda biyu bayan 1930 kaɗan. Arnold Jacobs, wanda ya busa tuba a babbar ƙungiyar makaɗan birnin Cikago daga 1944 har 1988, da su ya yi suna. Maƙera a ƙasashe dabam dabam sun auna su, sun ƙera sababbi bisa ga siffarsu, suna neman muryan nan. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Yanzu bari mu komo kan mutum, gama dukanmu masu gyara ne. Uba yana gyaran ɗansa, malami yana gyaran almajirinsa, dattawa suna gyaran wanda ya yi abin kunya a gari. Maƙerin ƙaho yana koya mana abu uku. Na ɗaya, wuta kafin guduma. Yaron da ya sha faɗa kullum ya kan taurare, in aka ƙara sai ya tsage, ya bar gida. Sai an tausasa zuciyarsa tukuna magana za ta shiga. Na biyu, a nemi cutar da ke ciki. Sau da yawa abin da ya dame mu shi ne kada maƙwabta su ji, sai mu shafa mai a kan jan ɗigo, mu ce an shirya, alhali kuwa yana ci. Na uku, a haƙura da tabo. Mutumin da ya fāɗi ya tashi ba zai zama kamar wanda bai taɓa fāɗuwa ba. Idan muka ce ba za mu karɓe shi ba sai ya yi sumul, za mu yi ta gugarsa da gori har ya huje, ko kuwa mu koya masa riya.

Tuba ba shi ne mai jan waƙa ba. A baya ya ke tsayawa, sauran ƙahoni su hau kan muryarsa, sai ran da ya yi shiru a ke sanin amfaninsa. Akwai irin waɗannan mutane a kowane gida da kowace unguwa, waɗansunsu kuwa suna jingine a lungu saboda wata tsohuwar lotsawa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Bari kowa ya duba wanda ke hannunsa, ya tambayi kansa: muryarsa na ke so ta komo, ko kuwa idon mutane na ke gyara wa?